Tsawon Hannun Fermin

Babur ɗin yayana ne, Fermin.
Shekara biyu yana jingine a rumfar tumaki
bayan mun binne shi a Gobernador Gregores,
kaji na kwana a kan sirdinsa.
Ranar da na samu ya tashi
kilomita arba'in kacal na yi
na sauka kafaɗuna suna ci da wuta,
yatsuna sun mutu murus.
Fermin dogo ne.
Ni kuwa tsawon mahaifiyarmu na ɗauko.

Ofelia Nahuelpan, mai gareji a ƙarshen gari,
ba ta tambaye ni ina za ni ba.
Ta ajiye sifana, ta ce, "Hau. Rufe ido.
Miƙa hannu kamar za ka karɓi tiren gasasshen rago."
Na miƙa. Na buɗe ido.
Hannuwana na rataye a fili,
yatsu huɗu cur tsakaninsu da ƙarfen.
Ta ce, "Wannan ratar ce ke cin wuyanka.
Kana tuƙi da hannun da ba naka ba."

Ta sauko da wani daga bango, mai faɗi kamar ƙahon bijimi.
"A kan tsakuwa ba ya gardama,
amma zai buɗe ƙirjinka
kamar rigar da aka shanya."
Na riƙe, na ji kamar ana gwada mini kafinta.
Wanda muka tsaya a kai ba shi da kyan gani,
na hannu ne, fentinsa ya goge,
sai dai ya ɗan lanƙwaso baya
kamar mai son jin abin da zan faɗa.
Gwiwar hannuna ta saki. Kafaɗa ta sauka.
Ta juya kan babur dama, ta juya hagu,
tana duba ko wayar birki za ta ɗaure.

Sai gilashi.
Na ce a bar shi yadda yake, dogo,
in fake a bayansa.
Dariyarta har da tari.
"A Patagoniya? Iskarmu ba ta zuwa ta gaba,
daga duwatsun yamma take faɗowa
ta kama ka a haƙarƙari.
Wannan ƙofa ce ka ɗaura wa babur,
da ita za ta kai ka cikin shingen waya.
In kuma ya gaza, hular kwanonka za ta sha mari
har ka manta sunanka.
Ta samansa ake kallon hanya, ba ta cikinsa ba."
Ta daidaita alli da kan hancina,
ta ja layi.

Saman layin ne Fermin ya manna 'yan takardunsa,
garuruwan da ya kai:
Esquel, Tres Lagos, wani da rana ta cinye sunan.
Ta ɗaga zarto, ta dube ni.
Kwanon rufi na ta ƙara a kanmu.
Na daɗe ban ce komai ba,
ita ma ba ta gaggauta ni ba,
ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ta miƙo.
Na zuƙe. Na ce, "Yanke."

Yau kwana uku ina bin hanyar kudu.
Gwanako na tsallake shinge ba sa waiwaye.
Iska na dama, ni da babur mun karkata gare ta
kamar masu sauraron kurma,
tana wuce goshina, ba ta taɓa idona.
Guntun gilashin na cikin rigata,
gefensa na ɗan sukata in na yi numfashi mai zurfi.
Tsohon ƙarfen kuwa yana bangon Ofelia.
Robar dama ta lotsa daidai babban yatsansa.
Ta ce dogaye ma suna zuwa,
ba za a rasa wanda zai yi wa daidai ba.